Bishof Ajayi Crowther: Bawan da Ya Hauro Kwara da Littafi

Duk ɗan ƙasar Yauri da ya zauna a ajin firamare ya san labarin Mungo Park, Baturen da ya wuce ta gabanmu a 1806 ya je ya halaka a duwatsun Busa, an kuma koya mana zuwan Lander da ƙanensa fadar Sarkin Yauri a 1830. Na yi shekaru ina cusa wa yara waɗannan sunaye da alli da allo. Sai bayan da na ajiye aiki na lura cewa akwai wani matafiyi, baƙar fata ɗan'uwanmu, wanda ya fi su daɗewa a kan Kogin Kwara nesa ba kusa ba, amma ban taɓa ba shi ko da darasi guda ba. Ƙafarsa ba ta taka Yauri ba, domin dutse ya tare jirginsa a Jabba. Duk da haka 'yan'uwanmu Kirista na Yelwa da Wara da Shanga suna da dalilin saninsa, Musulminmu ma akwai abin da za su so ji a labarinsa.

An haifi Ajayi wajen 1809 a garin Oshogun, cikin Jihar Oyo ta yanzu, a zamanin da daular Oyo take wargajewa. A 1821 mahara suka auka wa garin, suka kama shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Shi da kansa ya rubuta cewa Musulmi ne suka kama shi, Turawan Fotugal masu amsa sunan Kirista kuma suka saye shi, saboda haka babu ɓangaren da zai tsaya ya yi wa wani gori a wannan magana. An yi musayarsa da doki, aka fasa cinikin, aka raba shi da mahaifiyarsa, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har bakin teku. Tsoron Turawa ya sa har ya gwada shaƙe kansa da ɗamararsa, Allah bai nufa ba.

A watan Afrilu na 1822, jirgin da aka loda su bai yi nisa da Legas ba sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar fataken bayi suka tare shi. Da yaron ya hau jirgin masu ceton, ya ga harsasan igwa a tare wuri guda, sai ya ɗauka kawunan abokan tafiyarsa ne, naman alade da aka rataye kuwa ya zaci namansu ne. Aka sauke su a Saliyo. Cikin wata 6 ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin coci na Landan. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajista. Matarsa Asano, wato Hassana, ita ma 'yantacciyar baiwa ce.

A nan ne tushen bangaskiyarsa yake, kuma ya kamata mai karatu ya tsaya ya dube shi da kyau. Ajayi bai fara gaskata Allah don an kayar da shi a muhawara ba. Mutanensa sun san Mahalicci tun kafin zuwan Bature, suna kiransa Olorun, kuma da wannan suna ya kira Allah sa'ad da ya zo fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Abin da ya ƙaru gare shi shi ne tabbacin cewa wannan Mahalicci yana kula da yaro guda da aka ɗaure da igiya a wuya. Yana duban ranar da aka kama shi a matsayin ranar baƙin ciki, kuma ranar albarka, domin ta wannan ƙofa ce ya fita daga bauta ya san Almasihu. Kirista da Musulmi duk sun san labarin Yusufu, wanda aka sayar da shi da mugun nufi, Allah kuwa ya juya abin ya zama ceto. Haka Ajayi ya karanta rayuwarsa.

Mai shakka zai ce dace ne kawai, tunda dubban yara sun haye teku ba wanda ya tare jirginsu. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan yi kamar ban ji ta ba. Abin da zan iya cewa shi ne, Ajayi bai ɗauki cetonsa a matsayin shaidar ya fi sauran ba. Bashi ya ɗauke shi, ya kuma yi shekara kusan 70 yana biya.

An naɗa shi limamin coci a Landan a 1843, ya koma ƙasar Yarabawa. A 1846, a Abekuta, bayan shekara 25 da rabuwa, ya sadu da mahaifiyarsa Afala tana raye. Daga baya aka yi mata baftisma da sunan Hannatu. Wanda ya ga irin wannan da idonsa, da wuya a zo masa da zancen cewa duniya ba ta da Mai ita.

Shigarsa Kwara ta fara tun 1841, cikin ayarin jirage 3 da gwamnatin Ingila ta aiko. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. Abokin tafiyarsa a wannan karo shi ne Schön, Bajamushen da ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. A 1854 ya sake hawa tare da Likita Baikie, suka bi Binuwai, aka riƙa shan kwinin, ba a rasa rai ko ɗaya ba. A 1857 suka taso a jirgin Dayspring da niyyar kaiwa ga Sarkin Musulmi a Sakkwato. Cikin watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jabba, kimanin kilomita 100 a ƙasa da inda madatsar Kainji take a yau, ya nutse. Suka yi kusan shekara guda a bakin kogi suna jiran wani jirgin. Wani zai zauna yana kukan asara, shi kuwa ya mai da zaman makaranta: ya duƙufa kan Nufanci, yana zuwa Rabba yana hira da fatake da malamai, har ya fitar da littafin koyon karatun Nufanci a 1860, da nahawunsa a 1864. A wannan shekara ta 1864, ranar 29 ga Yuni, aka naɗa shi bishof a babbar majami'ar Kantabari, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilika. Leeke, hafsan jirgin da ya cece shi yana yaro, yana cikin mahalarta.

Abin da ya fi jan hankalina a rayuwarsa shi ne yadda ya koyi yin maganar addini da Musulmi, kuma da kuskure ya fara. Yana matashin malamin makaranta a Saliyo, ya ga wani ɗalibinsa Musulmi da laya, ya tsinke ta. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san irin wannan zafin kai na sabon malami. Uban yaron ya zo a fusace. Ajayi ya ce a tara dattawan Musulmi zai kare kansa, ya zo da Littafi Mai Tsarki na Larabci da fassarar Alƙur'ani, ya shirya hujjoji. Dattawan suka faɗi abin da suka yi imani da shi, suka tsaya a kai, ba su shiga gardamar da ya shirya ba. Ya tashi da littattafansa bai ja ran kowa ba. Daga nan ya gane cewa ana iya rufe wa mutum baki ba a buɗe zuciyarsa ba.

Ga yadda ya yi bayan shekara kusan 40. A 1872, a kan hanyarsa ta ƙasa daga Bidda zuwa Legas, Sarkin Ilori ya karɓe shi a gaban fadawa da malamai, aka tambaye shi game da Isa Almasihu. Tambaya ce mai iya tayar da ƙura. Bai yi jayayya ba, bai kuma ɓoye abin da ya gaskata ba. Ya buɗe Linjilar Luka, sura ta 1, inda Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu albishir, wato ya fara daga wurin da masu sauraronsa suka riga suka sani. Kowace tambaya aka yi, sai ya buɗe wurin da Littafin ya yi magana a kai, ya karanta, ya tsaya nan. Da aka nemi jin irin addu'ar Kirista, ya karanta wadda ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a ƙasar Sarki sunan Sarki ake sawa. Fada ta yaba. Ya gaskata cewa idan maganar ta Allah ce, ba ta bukatar zagi ya rako ta.

Da irin wannan hali ya zauna da sarakunan Nufe. Ya sha zuwa Bidda gaida Etsu Masaba, wanda ya rasu a 1873. Ba kullum aka ba shi abin da ya nema ba, domin an rufe masa tashar Rabba tun da wuri. Amma a shekarun 1880, da barasar Turawa ta fara lalata ƙasar Nufe, Etsu Maliki wurin Ajayi ya aika da takarda, yana kiransa uba, yana roƙon ya kai kuka ga Sarauniya a hana shigo da ita. Sarki Musulmi ke nan ya ga bishof ne amintaccen da zai ɗauki saƙonsa.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba, kuma daga cikin gida abin ya zo. A 1890 wasu samarin Turawan mishan, cikinsu har da Brooke da Robinson, suka iso da zafin gyara. Akwai ma'aikatan da suka yi laifi, tsohon kuma yana da sanyin hannu wajen horo, wannan gaskiya ne. Amma a taron Anaca na watan Agusta suka dakatar da limamai baƙaƙe a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson, ba tare da ganin girman furfurarsa ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, bai bar cocin ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. Sai a 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishof na Kantabari Justin Welby ya fito fili ya nemi gafara kan abin da aka yi masa. Jikansa Herbert Macaulay kuwa, wanda ya jagoranci fafutukar neman 'yancin Nijeriya, shi muka fi sani a littattafan tarihi.

Shekara 14 bayan rasuwarsa, a 1905, wani ɗan Kanada mai suna Banfield ya kafa tashar mishan a Shonga ta ƙasar Nufe, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Kada a rikita ta da Shanga tamu, yara sun sha yi mini wannan kuskure. Ya ci gaba da aikin Nufancin da Ajayi ya faro a bakin kogi. Daga wannan mishan ne aikin ya hauro zuwa Salka da Zuru da Yelwa, ya zama cocin UMCA da muka sani. Duwatsun Busa da suka cinye Mungo Park suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Dutsen Jabba kuwa yana nan tsaye a tsakiyar kogi, ana hangensa daga kan gada.