Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793. 'Yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, tagwaye ne ita da Hassan. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da mata, wasu yaƙi ne ya kawo su, ba su jin Larabci balle Fulatanci. To wa zai karantar da su? Sai Nana ta riƙa tsara darussa cikin waƙa da Hausa, har Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta ta mayar Hausa, don mace ta rera tana daka ko kaɗi.

Ta zaɓi dattawan mata amintattu ta naɗa su jajiyoyi, kowacce da malfa da jan rawani. Ita wannan malfa, da can alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori. Kun ga dabara! Bagobira ta hango malfar, ta san ba baƙon wuri ta zo ba. Jaji ta tattaro ƙananan 'yan mata da tsofaffi, su tako da ƙafa har wurin Nana, su ɗauki karatu su kai wa matan aure gida.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Allah ya jiƙan su, amin.