Bayard Rustin: Ya haɗa gangamin Washington, aka so a ɓoye sunansa

A shekarar 1952 wani baƙar fata ɗan Amurka ya ziyarci Afirka ta Yamma. Ya gana da Kwame Nkrumah, ya kuma zauna da Nnamdi Azikiwe a Najeriya, suna shawarar yadda za a kawar da mulkin mallaka ba tare da zubar da jini ba. Sunansa Bayard Rustin. Da wuya a sami ɗalibinmu da bai san Martin Luther King ba, amma kaɗan ne suka taɓa jin sunan mutumin da ya tsaya a bayansa.

An haife shi ranar 17 ga Maris, 1912, a jihar Pennsylvania. Kakanninsa suka rene shi, daga kakarsa kuma ya ɗauki aƙidar Kiristocin Quaker masu ƙin yaƙi. Saboda ita ya ƙi shiga soja, aka ɗaure shi daga 1944 zuwa 1946. A 1947 ya bijire wa dokar wariyar kujeru a motocin haya na kudancin ƙasar, abin da ya jawo masa kwana 22 na aikin ƙarfi cikin mari. Lokacin da ya isa Montgomery a 1956, masu bindiga ne ke gadin gidan King. Rustin na cikin waɗanda suka shawo kansa ya rungumi tafarkin Gandhi gaba ɗaya.

Rustin namiji ne mai son maza, kuma bai musanta ba. A Janairun 1953 'yan sanda suka kama shi a Pasadena tare da maza biyu, aka yanke masa kwana 60. Wannan takardar kotu ita ce makamin da aka riƙa zarowa duk sanda aka rasa abin kushewa a aikinsa. Ba kuma abokan gaba kaɗai suka zare ta ba. A 1960 ɗan majalisa Adam Clayton Powell, baƙar fata kamarsa, ya yi barazanar yaɗa ƙaryar cewa akwai wata alaƙa tsakaninsa da King. King ya karɓi murabus ɗinsa. A ganina, wannan na cikin ranakun da babban mai wa'azin ya gaza.

Duk wanda ya taɓa haɗa taron matasa a Batsari ko Safana ya san mai jawabi ake tafa wa, amma mai neman mota da ruwan sha shi ne taron. Wannan aiki Rustin ya yi a 1963. Wasu shugabanni sun ƙi a sa sunansa a gaba, sai dattijo A. Philip Randolph ya karɓi shugabancin, ya naɗa shi mataimaki, ya sakar masa ragama. Cikin kimanin wata biyu ya tsara motoci da jiragen ƙasa, makewayi, masu agajin gaggawa, masu tsare layi, har da ƙunshin abinci 80,000.

Ana saura 'yan makonni, Sanata Strom Thurmond ya tono shari'ar Pasadena a zauren majalisa. A wannan karon ba a yar da shi ba. Randolph ya fito gaban 'yan jarida ya shaidi halinsa da ƙwarewarsa. Ranar 28 ga Agusta mutum kusan 250,000 suka hallara, suka watse lafiya.

Bai tsira daga suka ta gaskiya ba: tsoffin abokansa sun zarge shi da sassauta murya kan yaƙin Vietnam don kada ya ɓata da jam'iyyar Democrat.

Ya rasu ranar 24 ga Agusta, 1987, a New York. Abokin zamansa Walter Naegle ne ya karɓi lambar girmamawa mafi daraja ta farar hula da Barack Obama ya ba shi a 2013. Hukuncin Pasadena kuwa, sai a Fabrairun 2020 gwamnan California ya yafe shi, shekara 67 bayan yanke shi.