Nelson, Sarkin Yaƙin Jiragen Ruwan Ingila

Ƙasar Ingila a cikin tsibiri ta ke, teku ta kewaye shi ko ta ina. Saboda haka, a zamanin da, duk wanda ya ke so ya ci ƙasar da yaƙi sai ya fara cin jiragen ruwanta. A cikin waɗanda suka shugabanci waɗannan jirage ba wanda ya kai Horatio Nelson suna.

An haifi Nelson a cikin shekara ta 1758, a wani ƙauye na jihar Norfolk. Ubansa limamin coci ne. Uwarsa ta rasu yana da shekara tara. Da ya kai shekara goma sha biyu sai ya shiga aiki a jirgin yaƙin da kawunsa ke shugabanta. Yaro ne ƙanƙane, mai yawan laulayi. In teku ta yi haushi sai jiri ya kama shi, ya yi ta amai, kuma wannan bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Duk da haka bai bar aikin ba. Yana ɗan shekara ashirin aka ba shi jirginsa na kansa.

Jiragen wannan zamani na katako ne, ba su da inji. Iska ce ke tura su, tana bugun waɗansu manyan ƙyallaye da a kan ɗaura bisa dogayen itatuwa. A kan jera igwa a kowane gefen jirgi.

Da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Faransa, Nelson ya sha wuya. A 1794, a tsibirin Kosika, harsashin igwa ya watsa masa tsakuwa a fuska, idonsa na dama ya daina gani. A 1797, a tsibirin Tenerife, aka harbe shi a hannun dama, tilas likita ya yanke hannun. Wani da sai ya koma gida ya zauna. Shi kuwa sai ya koyi rubutu da hagu, ya koma bakin aikinsa.

A 1798 Napoliyon, babban mayaƙin Faransa, ya kai yaƙi Masar. Nelson ya yi ta neman jiragensa har ya same su a tsaye kusa da Iskandariya, rana ta kusa faɗuwa. Faransawa sun zaci ba za a yi yaƙi ba sai da safe, amma Nelson bai jira ba. Waɗansu jiragensa suka kurɗa tsakanin Faransawa da gaɓa, aka sa su a tsakiya. Cikin manyan jiragen Faransa 13, biyu kaɗai suka tsira.

Mutanensa suna ƙaunarsa ƙwarai. Ya kan kula da abincinsu, ya sa a sayo musu albasa da lemo don kada su yi ciwo. Kafin yaƙi kuma ya kan tara shugabannin jirage ya bayyana musu shirinsa, har kowa ya san abin da zai yi ko ba a aiko masa da umurni ba.

Ran 21 ga Oktoba, 1805, ya gamu da jiragen Faransa da na Sifen a Trafalgar, kusa da gaɓar Sifen. Nasa 27 ne, nasu 33. Ya raba jiragensa kashi biyu, suka keta sahun abokan gaba, shi da kansa yana kan gaba cikin jirginsa mai suna Victory. Ana tsakiyar yaƙi wani Bafaranshe ya harbe shi daga saman jirginsu. Aka sauka da shi cikin jirgi, ya yi kamar sa'a uku yana jin jiki, bai cika ba sai da aka gaya masa an ci nasara. Fiye da rabin jiragen abokan gaba aka kama ko aka hallaka, Ingila kuwa ba ta rasa ko ɗaya ba. Daga nan Napoliyon bai sake iya ja da ita a teku ba.

Nelson ya rasu yana da shekara 47, aka binne shi a London. Jirginsa yana nan ajiye a garin Portsmouth, mutane suna zuwa kallo. To, yara, in kun ga ɗan'uwanku ƙarami ne ko mai rauni, kada ku raina shi. Ku tuna da yaron nan mai jiri a teku.

Tambayoyi
1. Me ke tura jiragen zamanin Nelson?
2. Don me mutanensa suka ƙaunace shi?
3. Jirage nawa ya ke da su a Trafalgar?