Jibo Bakari (1922–1998): Sawaba a Cikin Guguwar Yaƙin Cacar Baka

An haifi Jibo Bakari a shekarar 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne, amma sunan da tarihi ya san jam'iyyarsa da shi Bahaushe ne, wato Sawaba, kalmar da 'yan NEPU na Kano su ma suka yi wa tasu gwagwarmayar take da ita. Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, ya kuma koyar a Birnin Ƙonni da Agadas kafin siyasa ta ɗauke shi.

A 1947 ya zama babban sakataren jam'iyyar PPN, reshen Nijar na ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a 1946. A lokacin RDA tana ƙawance da Jam'iyyar Kwaminis ta Faransa. Da gaba ta tsananta tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, sai mahukuntan mulkin mallaka suka riƙa kallon wannan ƙawance a matsayin ƙafar gurguzu a Afirka. A 1950 Houphouët-Boigny ya janye RDA daga ƙawancen. Diori Hamani, ɗan garin su Jibo, ya bi wannan sabuwar hanya, shi kuwa Jibo ya ƙi. Ya koma ga ƙungiyoyin ƙwadago, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama Sawaba. Ƙarfinta yana wajen ƙananan 'yan kasuwa da direbobi da 'yan ƙwadago, musamman a Maraɗi da Damagaram.

Ya zama magajin garin Yamai a 1956, sannan ya jagoranci gwamnatin cikin gida ta farko a 1957. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Janar de Gaulle ya kira, Jibo ya nemi jama'a su zaɓi 'yanci nan take, kamar yadda Seku Ture ya nema a Gini. Gwamna Colombani ya yi amfani da ƙarfin hukuma, sarakuna da dama suka juya wa Jibo baya, aka bayyana cewa kimanin kashi 78 cikin ɗari sun zaɓi zama tare da Faransa. Ya sauka daga mulki, Diori ya hau, aka haramta Sawaba a 1959.

Da ƙofar zaɓe ta rufe, sai Jibo ya yi gudun hijira, ya nemi taimako inda zai samu. Ƙasashen gurguzu na Gabashin Turai suka ba matasan Sawaba guraben karatu, wasu kuma suka sami horon soja a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana. A Oktoban 1964 mayaƙan suka tsallako iyaka a wurare da dama, har da yankin Ƙonni, suna sa ran talakawa za su tashi. Ba a yi tashin ba. Gwamnatin Diori, da goyon bayan Faransa, ta murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin Idi a Yamai, ya tsira. Faɗuwar Nkrumah a 1966 ta raba Jibo da babban majinginsa.

Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 1974, amma aka tsare shi a 1975, ya shafe shekaru a tsare. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne tazarar da ke tsakanin kalmar da abin da aka mai da ita. Ga manomin gyaɗa na Maraɗi, sawaba sauƙi ce daga haraji da danniyar masu mulki. A Faris da Bejin kuwa, an auna ta ne da ma'aunin gabar gurguzu da jari-hujja. Jibo ya karɓi makamai daga ɓangare guda don biyan buƙatar gida, kuma waɗannan makamai su ne hujjar da abokan hamayyarsa suka kafa wajen rufe bakin Sawaba har tsawon shekaru talatin.