Malam Abdullahin Gwandu, Masanin Nahawu

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo wajen shekarar 1766, kimanin shekara 12 bayan haihuwar wansa Shehu Usmanu a Maratta, kusa da Galmi. Mahaifinsu ya karantar da shi Alƙur'ani, yana ɗan shekara 13 ya koma hannun Shehu. A littafinsa Ida'un Nusukhi ya lissafo littattafan nahawu da ya karanta a gaban wan nasa, cikinsu har da Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada.

Waɗannan littattafai kan tambaya guda suke horar da almajiri: wa ya aikata, kan wa aikin ya faɗa, wace kalma ce kuma ta hukunta siffar maƙwabciyarta? Ita ce tambayar da ke tsayar da ɗalibin Ƙonni ko na Illela a yau in ya zo zaɓe tsakanin I da me, ko he da him, a Ingilishi. Bahaushe ba ya kuskuren na gan shi da ya gan ni, domin kunnensa ya riga ya rarrabe lamirin aikau da na karɓau. A baƙon harshe kunne ba ya ceto, sai an san dalili. Malaman Larabci sun kira wannan dalili amili, su ce fa'ili marfu'i ne, maf'uli mansubi. Abdullahi ya tsara dukan fannin a waƙe cikin Bahrul Muhiɗi, mai baitoci sama da 4,000, ya kuma keɓe wa sarfu Hisnur Rasini. Waƙe ya zaɓa don almajiri ya haddace, ƙa'idar ta zauna masa a ka ko babu takarda.

Yaƙi ya ci shekarunsa da dama. Shi ya jagoranci rundunar Shehu a Tafkin Kwatto a 1804. Daga baya, ganin yadda son duniya ya shiga jama'a, ya bar sansani da niyyar gabas, Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. Ya riƙi yammacin daular, da Shehu ya rasu a 1817 kuma sarauta ta koma ga Muhammadu Bello, ya zauna a Gwandu yana karantarwa har rasuwarsa a 1829.

Tafsirinsa Diya'ut Ta'awili ya fi littattafan nahawunsa shahara, alhali mai karanta shi zai tarar da li'irabi ne malamin yake warware ayoyi da dama.