Bob Douglas (1882–1979): Jagoran Rens da Dabarar Miƙa Ƙwallo

An haifi Robert Douglas a tsibirin Sen Kits da ke yankin Karebiyan a shekarar 1882, ya ƙaura zuwa Amurka yana saurayi, ya zauna a unguwar Harlem ta birnin New York. A shekarar 1923 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando, dukkansu baƙar fata. Da yake ba su da filin kansu, sai ya yi yarjejeniya da mai zauren rawa na Renaissance: ƙungiyar ta ɗauki sunan zauren, shi kuma ya ba su daɓen rawar su yi wasa a kai. Daga nan aka taƙaita sunan ya koma Rens.

Abin da Douglas ya gina ƙungiyarsa a kai shi ne miƙa ƙwallo daga hannu zuwa hannu cikin hanzari, ba tare da yawan buga ta a ƙasa ba. Wanda ya miƙa ba ya tsayawa. Yakan kutsa wajen kwando ya buɗe wa ɗan'uwansa gurbi. A wancan zamani babu agogon da ke tilasta jefa ƙwallo cikin ƙayyadadden lokaci, domin sai a 1954 aka shigo da shi, saboda haka ƙungiyar da ta iya zagaya ƙwallo takan gajiyar da abokan karawa har su buɗe kafa. Ga alama akwai wani dalilin kuma: 'yan wasan da ke yawon garuruwan da ake ƙyamar launin fatarsu, inda ba kasafai alƙalin wasa ke kare su ba, sun fi tsira idan ƙwallon ba ta daɗe a hannun mutum guda.

A kakar 1932–1933, da 'yan wasa irin su Fats Jenkins da Tarzan Cooper, Rens sun ci wasanni 88 a jere, alhali masaukai da dama na hana su ɗaki, har sukan kwana cikin motarsu. A 1939 suka lashe gasar ƙwararru ta duniya ta farko a Chicago, bayan sun doke Oshkosh da ci 34 da 25.

Duk da haka, babbar gasar da ta zama NBA ba ta karɓe su ba, ƙungiyar ta watse a 1949. A 1972 aka sanya Douglas cikin zauren karrama gwarazan ƙwallon kwando, ya zama baƙar fata na farko da aka karrama da sunansa shi kaɗai. Ya rasu a New York a 1979.