Barthélemy Boganda, fadan da ya shiga siyasa don kare talakawa

Har yau Kiristoci a Kamaru, Chadi da Nijar na muhawara kan ko ya dace mai wa'azi ya sa baki a siyasa. Tarihin Barthélemy Boganda na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya nuna amfanin hakan, ya kuma nuna tsadarsa.

An haife shi wajajen 1910 a Bobangui, cikin yankin Ubangi-Shari da Faransa ke mulka. A lokacin, kamfanonin Turawa na tilasta wa mutane tara roba da bulala. Ya tashi maraya, 'yan mishan na Katolika suka riƙe shi, suka sa shi makaranta. A 1938 aka naɗa shi fada, ɗan ƙasa na farko da ya kai wannan matsayi.

A ƙauyukan da ya yi aiki, ya ga cewa huɗuba kaɗai ba ta hana dukan manomi ko aikin dole. A 1946 Bishop Marcel Grandin ya ƙarfafa masa gwiwa ya tsaya takara, ya kuwa ci kujera a majalisar dokokin Faransa. Daga nan ya riƙa tona asirin zaluncin 'yan mulkin mallaka. A 1949 ya kafa jam'iyyar MESAN bisa aƙidar cewa kowane mutum mutum ne, kuma haƙƙinsa ne ya samu abinci, sutura, muhalli, magani da ilimi.

Wannan hanya ta raba shi da rigar fada. Saɓani ya tsananta tsakaninsa da 'yan mishan, coci ta dakatar da shi a ƙarshen 1949, sannan a 1950 ya auri wata Bafaranshiya, Michelle Jourdain. Duk da haka bai bar addininsa ba, talakawa kuma ba su bar shi ba: sun sake zaɓensa a 1951 da 1956.

Ranar 1 ga Disamba 1958 aka ayyana jamhuriyar, ya zama shugaban gwamnatinta. Ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 29 ga Maris 1959, kafin 'yancin kai na 1960. Tutar da ya zana ita ƙasar ke ɗagawa har yanzu, kuma ranar rasuwarsa hutu ce a kowace shekara.